Likkafanin da Bai Kai Ƙafa Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu. Kawu ya riga mu. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, tsakiyar rani, a gidansa da ke bayan Damba a Gusau, bakin ƙorama. Ƙirji ne ya kama shi. Bai daɗe a kwance ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Haƙar rijiya ce sana'ata ta asali, kuma ba ni da yawan magana. Amma ana ta faɗin abin da ba shi ba ne a kan likkafaninsa, har a tashar Tsafe an tare ni da zancen. Ina wurin. Ga yadda aka yi.

Mu uku muka yi masa wanka: Liman, da babban ɗan Kawu, wato taubashina, da ni. Kawu marini ne, ɗan marini. Hannunsa tun daga yatsu har gwiwar hannu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi. Liman ya cuɗa, ya sake cuɗawa, ya haƙura. Ya ce, "Wanga kam da shi za shi tashi." Taubashina ya juya fuska ga bango.

Da muka gama, Inna, matar Kawu, ta miƙo ƙunshin likkafani ta bayan ƙofa. Duk unguwa an san Kawu ya sayi likkafaninsa tun da daɗewa ya ajiye a ƙasan adaka, kamar yadda dattawa ke yi. Tela maƙwabcinmu ya warware alawayyon, ya auna da kamu, ya sake aunawa. Ya ɗago kai.

"Bai kai ba."

Liman ya ce, "Mi bai kai ba?"

"Yadin, Malam. In an rufe kai, ƙafa na waje."

Bakin yadin ba yankan almakashi ba ne. Yage ne, zare duk ya fito.

Magana ta riga mu fita zaure. Wani ya ce ɓera ne. Wani ya ce ɓera ba ya yaga a miƙe. Wata tsohuwa a cikin gida ta ce sata aka yi don a haɗa asiri. Wani Alhaji mai shagon shadda, wanda Kawu ya daɗe yana yi wa rini, ya ɗaga murya don a ji shi: "Mutum ya ƙare rayuwa cikin tufafin mutane, a ce nasa bai kai ba? Ai da an faɗa mani."

Taubashina kunya ta kama shi har kunnuwansa na rawa. Ya ce mani, "Ɗauki keke ka tai kasuwa, maza."

Sai muryar Inna daga bayan ƙofa. Tun safe ba wanda ya ji ta.

"Ba a sayo mashi komi. Shi ya yage abinai da hannunai. Ragowar na ga marke. Ɗan ƙanwa ya san wurin."

Na san wurin. Akwai wani itacen marke a gangaren gidan, daidai inda shanu ke sauka shan ruwa. A reshensa na ƙasa ƙyallaye ne farare a ɗaure, jere. Makiyayan yankin sun san ma'anarsu: in ƙyallaye na sama, ruwa lafiya, in an kwance su, a kora shanu gaba. Ina cikin kwancewa sai ga Baffa, wani dattijon Bafulatani da ke cin rani a nan kowace shekara, daga wajen Furfuri. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi reshen.

Ya ce, "Ruwa ne, ko shi ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya zauna a ƙasa inda yake. Ya sa sanda a kan gwiwa. Hawaye na bin gemunsa.

Shi da 'ya'yansa suka biyo ni gida. Suka zauna gefe, can nesa da tabarma. 'Yan zaure na tambayar juna, su wa ke nan, mi ya haɗa marini da mutanen ruga? Aka wanke ƙyallayen, rana ta busar da su nan da nan. Liman ya juya su a hannu ya ce, "Fari ne, nasa ne, ya halatta." Tela ya jera su ya ɗinke, ya haɗa da bakin yadin. Wasu sun tsufa, allura na wucewa ba ta jin komai. Suka rufe ƙafa daidai. Bayan azahar muka kai shi. Ni na shiga kabarin na karɓi ƙafafun. Ɗinkin nan na ji a tafin hannuna.

Yanzu sai in faɗi yadda ƙyallayen suka hau itace.

Kawu ya tashi cikin rinin baba. Rami, toka, ganye, haƙuri. Ruwan baba in ya mutu ba ya cutar kowa, har dagwalon ƙasansa ana ƙonawa a sake amfani da shi. Sai zamani ya juya. Mutane suka daina jira, suka koma son ja da kore da ruwan hoda. Galura ta shigo, ana dafa ta a rabin duro da soda da wani farin gari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kawu ya ƙi, ya ƙi, har ya bi, don gida na cin abinci. In an gama a tuntsurar da duron, ruwan ya bi kwata ya faɗa ƙorama, ƙorama ta kai gulbi, gulbi ya yi Bungudu da shi. Ba wanda ya bi shi ya ga inda ya tsaya.

Wata safiya Baffa ya yi sallama a ƙofar marina da fatar maraƙa a kafaɗa. A lokacin ba su san juna ba. Ya shimfiɗa fatar a gaban Kawu. Ya ce maraƙar ta sha a ƙorama, baki ya saɓule, ta kwana tana kuka ta mutu, da aka farka cikinta ja ne kamar an zuba manja.

Kawu ya ce, "Mi kake so a yi?"

Baffa ya ce, "Ba komi. Kun rina cikinta. Na kawo bayanta ku ƙarasa."

Ya juya ya tafi. Ba ni nan ranar, Inna ta ba ni labari. Ta ce Kawu bai ci tuwo ba. Fatar kuwa bai yar ba, a kanta yake zama a marina har ya mutu.

Shekarar ce ta sanƙarau. Ina ƙauyenmu a ƙasar Tsafe. Na binne matata, na binne ɗiyana biyu, duk a cikin wata ɗaya, kuma ni na haƙa. Kafin nan rijiya ta taɓa ruftawa da ni, aka tono ni da rai. Mutane na cewa ina da tsawon kwana. Ni ban ga amfaninsa ba. Na daina aiki, na daina aski, ina zaune a ƙofar ɗaki kamar turmi.

Kawu ya sauka daga mota da rana tsaka. Bai yi mani doguwar gaisuwa ba, ya riga ya yi tun farko. Ya tsaya a kaina ya tare mani rana.

"Tashi. Ina da rami."

Na ce, "Na gaji da rami, Kawu."

Ya ce, "Wanga ba a sa kowa ciki."

Na tashi. Ban san dalili ba. Na ɗauki diga da dagi na bi shi Gusau.

Rami uku ya sa na haƙa a bayan marina, a jere bisa gangare, kowane na zuba cikin na ƙasa da shi. Muka shafe su da laso don kada su tsotse. Bakin na ƙarshe muka yi masa toshiya da katako da tsumma. Daga nan Kawu ya shiga gwaji, kamar mai neman maganin ciwon da ba a san sunansa ba.

Da zogale ya fara. Ya ce uwarsu, kakata ke nan, in an ɗebo ruwan gulbi da damina jajir da laka, 'ya'yan zogale take dakawa ta zuba, ta juya, ta rufe tulu. Kafin a jima laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Ya ce, "Abin da ya kama laka, bari mu gani ko shi kama galura." Ya kama wata, ya bar wata. Baƙi da shuɗi suna dunƙulewa kamar nonon da ya tsinke, su nutse. Ja kuwa ko a jikinsa. Kawu na kiransa ɗan banza.

Ya gwada toka, ta ƙara wa ruwan zafi. Ya gwada ƙaro, ya yi, amma ina za ka samu ƙaron cika rami? Ya gano ruwan tsamiya na kashe kaifin soda, sai ya zama shi ne farkon zubawa. A rami na biyu muka cusa buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da ƙwallon tsamiya da aka soya aka farfasa. Su ke shan launin, su rine, a kwashe a sa sabo. Na uku gawayi da yashi. Dagwalon da aka kwaso mu shanya shi, mu zuba a tsohon ramin baba da aka daina amfani da shi, mu rufe.

Kuɓewa kuwa Inna ce ta jawo wa kanta. Wata rana ta wanke tukunyar miya ta watsa ruwan a rami na farko, don ya fi kusa. Kawu ya zo ya ga inda yauƙin ya bi, launi ya taru a jikinsa kamar ƙudan zuma. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Tun daga ranar busasshiyar kuɓewar Inna ba ta sake zama lafiya ba. Ta ɓoye a randa, ya gano. Ta rataye a bayan ƙofa cikin tsohon zane, ya gano.

"Malam, ina kuɓewata?"

"Wace?"

"Wadda na daka jiya da hannuna!"

"Ta tai aikin Allah."

"Aikin Allah! To yau sai ka ɗauki tuwonka ka tai bakin rami ka ci da miyar da ka kaɗa mashi. Ni dai ban taɓa ganin gidan da rami ya fi mutane cin miya ba."

Ya ce, "Ke kinka koya mani."

Ta ce, "Allah shi isar mani da tukunyar nan."

Haka suke. Ranar da yamma miyar kuka muka sha, ya yaba mata har ta kusa jifarsa da ludayi.

Saura abu guda: ta yaya za a san ruwa ya yi? Ido na ruɗi. Ruwan da ka gani garau a ƙwarya, in ka tsoma farin abu ya kwana, sai ka ga ya fito da ja-ja. Kawu ya ce a nemo farin ƙyalle. A gidan marini kuwa farin ƙyalle duk na mutane ne, amana ne. Ya shiga ɗaki. Muka ji ƙarar adaka, sannan muka ji kyaaat. Ya fito da ƙyalle mai faɗin yatsa biyu.

Inna ta dafe ƙirji. "Malam! Likkafanin naka?"

Ya ce, "Shi kaɗai ne farin da ba ni jin tsoron mai shi."

Na ce masa a kasuwa akwai alawayyo, in je in yanko. Ya ce a'a. Ya ce in ƙyallen kasuwa ne, ranar da ya gaji zai ga ɗan ja-ja ya ce ba komi. Amma wannan da shi zai kwanta. "Ruwan da ba ni yarda shi taɓa likkafanina, ba ni tura ma bisashen wani." Wannan maganar na ji ta a bakinsa ya fi a ƙirga.

Haka aikin ya zauna. Duk sa'ad da ramin ƙarshe ya cika, ya yago ƙyalle ya tsoma ya kwana. In ya fito da launi, a jefa shi cikin dagwalo, a ƙara zogale, a jira. In ya fito fari, a cire toshiya, shi kuma ya gangara ya ɗaure ƙyallen a marke. Bai taɓa cewa ruwan ya zama na sha ba. In mata suka zo da tulu kusa da magudanar sai ya kore su: "Ban ce ku sha ba! Launi na cire, sauran Allah ya sani. Ku tai rijiya." Iyakar iyawarsa ke nan, kuma bai ƙara mata gishiri ba.

Baffa ya daɗe bai yarda ba. Rani guda cur yana kora shanunsa gaba. Wata rana ya zo ya tsaya a bakin ramuka yana leƙe. Kawu ya ɗebo ruwan ramin ƙarshe ya wanke fuska da shi a gabansa. Baffa ya ce, "Fuskar marini ai ba shaida ba ce, ta riga ta rinu." Kawu ya yi dariya har da tari. Daga nan suka ƙulla. Baffa na aiko nono, Kawu na rina wa matan ruga zane. In suka zauna a marina, Kawu na kan fatar maraƙar nan, Baffa na kallonta, ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

Rigima guda na gani tsakanin Kawu da babban ɗansa, kuma babba ce. Gab da babbar salla ne, aiki ya yi yawa, shadda tuli, kuma kowa ja yake so. Ramuka suka cika maƙil. Ƙyalle ya fito ja, aka sake, ya fito ja. Kawu ya ce a tsayar da rini sai rami ya sauka. Taubashina ya ce masu kaya na ƙofa, in suka kwashe suka kai wani wuri ba su dawowa. Gaskiya ya faɗa. Yana da iyali, kuma shi ke tsaye a kan duro tun safe, hayaƙi na cin idonsa.

"Baba, duk marinan garin ga kwata suke zubawa. Mu kaɗai za mu gyara gulbi?"

"Ban ce gulbi ba. Ƙoramar ga na ce."

Da rana Kawu ya tafi masallaci. Taubashina ya cire toshiya. Ina ɗebo buntu na ji ƙarar ruwa. Kafin in iso Kawu ya dawo. Bai yi tsawa ba, bai nemi katakon ba. Ya tattara riga ya zauna a cikin magudanar, ya toshe ta da jikinsa. Dattijo mai furfura, jan ruwa na bin ƙugunsa. Ya ce mani, "Kawo toshiya." Ɗansa ya tsaya kamar an dasa shi.

Da muka toshe, bai shiga gida ba. Ya gangara ya kwance ƙyallayen marke duka, ya taka har ruga da jiƙaƙƙiyar riga ya ce kada a sauka mashaya sai an ga fari. Cinyoyinsa suka saɓule saboda soda, ya yi kwanaki yana tafiya a tale. Wasu masu kaya suka kwashe kayansu, kuma ba su dawo ba. Ranar idi rigar nan ya sa, fara daga sama, ja daga ƙugu zuwa ƙasa. Inna ta roƙe shi, ya ƙi. Taubashina ya bi wani sahu daban. Sun daɗe ba su haɗa ido ba. Amma da Kawu ya kwanta ciwo, shi ne ke ɗaga shi, shi ke ba shi kunu a baki. Kada wani ya ce ba ya son ubansa.

Ni kuma abin da ya yi mani ba ya faɗuwa. Bai taɓa ce mani in yi haƙuri ba. Aiki yake ba ni. In ya ga na yi shiru da yawa sai ya ce, "Ɗan ƙanwa, ramin tsakiya na kiranka." Ranar da ƙyalle ya fara fitowa fari, ni ya miƙa wa ya ce in ɗaure. Na ɗaure. A nan gindin marke na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Ya juya baya yana duban shanu har na gama.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna rabon gado. Ɗan mace ba shi da komai a gidan kawu, na sani, a bakin ƙofa na zauna. Tun da aka ba mu jiha Gusau ta cika da baƙi, kowa na neman ɗaki, ƙasa ta yi daraja. Taubashina ya ce zai ci gaba da rini, amma filin ramuka za a cike a yi ɗakuna. Ƙannensa suka yarda. Ba wanda ya yi mugunta. Kowa da nauyin da ke kansa.

Tun ranar jana'iza marke ba ƙyalle. Ni na kwance su, suna ƙafar Kawu. Makiyaya na zuwa su duba reshe su kora shanu gaba, wuri mai nisa, cikin zafin bazara. Na faɗi haka a wurin rabon, magana ɗaya. Taubashina ya ce, "Kai dai ɗan mace, rami ya aure ka." Wasa ne irin namu na taubasai, mun saba. Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai yi ba.

Inna na cikin takaba, ta bayan labule take ji. Malamin da ke rabo ya ce a auna mata tumuninta a ɗakin da take ciki.

Ta ce, "A'a. A auna mani daga ramin ƙarshe."

Ɗanta ya ce, "Inna, mi za ki yi da rami?"

Ta ce, "Ya ci kuɓewata shekara da shekaru. Nawa ne."

Aka yi ta lallashi, ta ƙi. Aka auna. Rabonta ya ci ramin ƙarshe da ɗan abin tsayawa a gefensa. Bai kai na tsakiya ba. Ɗakin kuwa ɗanta ya ce ta zauna abinta, ba mai tayar da ita.

Sauran ramuka biyun ni na cike su. Taubashina ya ce, "Kai ka haƙa, kai ka san inda ƙasa za ta zauna." Bai dube ni ba da yake faɗa. Na kwashe dagwalon na binne, na fasa lason da muka shafa da Kawu, na zuba ƙasa na daddage. Na binne mutane da yawa a rayuwata. Wannan ma binnewa ce. Yanzu ɗakuna ne a wurin, da labule da rediyo.

Rami ɗaya ba ya aikin uku. Sai in zuba tsamiya in jira, in zuba zogale in jira, in kwashe, in sa buntu a buhu in nutsa, in sa gawayi. Kafin ya sauka wani ruwan ya zo. Taubashina na rage mani, yana tara wani a duro ya jira ni, ban roƙe shi ba. Wani lokacin kuma ba ya iya jira, sai ya bi kwata. In ya yi haka yana faɗa mani. Wannan dai ya gada.

Wata safiya babban ɗan Baffa ya same ni a bakin ramin. Ya ce tsohon ba ya iya doguwar tafiya yanzu, shanu sun rame, maraƙa biyu sun kasa a hanya. Ya ce, "Baffa ya ce in tambaya. Itacen ya mutu ke nan, ko mu jira?"

Na ce, "Ku jira."

Ranar na shiga kasuwa na yanko alawayyo, cikakke, na mutum ɗaya. Mai yadi ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce, "Ba a rasu ba tukuna." Na kawo na sa a ƙasan jakata. Na yago ƙyalle na tsoma.

Ya fito ja. Na sake, ya fito da ja-ja. Na zauna na rasa abin yi, don zogalen ya ƙare kuma ba lokacinsa ba ne. Sai ga ƙwarya an turo ta ƙarƙashin darni. Busasshiyar kuɓewa ce, dakakkiya, har da tudu. Na ji tafiyar Inna tana komawa. Da yamma miyar kuka aka sha a gidan.

Na huɗu ne ya fito fari. Na juya shi a rana, na kai shi inuwa na sake dubawa, don ni ba ni da idon Kawu. Na cire toshiya. Na gangara na ɗaure shi a reshen. Ƙyalle ɗaya, a inda da ake da jere. Kafin la'asar na ji kukan shanu suna sauka.

Ba kullum yake zama a sama ba. Ranakun da reshen ke zama ba ƙyalle sun fi yawa. Kuma nawa likkafanin ya fi na Kawu saurin guntulewa, don na fi shi ɓata ƙyalle. Ba ni da ɗa, ba ni da ɗan ƙanwa. Ban san wanda zai yaga nasa bayana ba.

Masu cewa ɓera ne, da masu cewa talauci ne, kun ji. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya bi kwata kafin ya sani, ya shayar da shi ruwan da ba ya bukatar gwaji. Allah ya ba Inna haƙuri. Ni kuma in tawa ta zo, Tela ya auna ya ga bai kai ba, kada a tura kowa kasuwa. A je gindin marke. In ba a samu abin da zai rufe ƙafa ba, a rufe da ganye.